Birkin tsohuwar mota: a gyara tambur ɗin ko a maida ta diski?

Duk mai tsohuwar mota a garin nan na Maradi, ko 404 bashe ce ta gado, ko 504 familiyal, ko Land Rover da Land Cruiser irin waɗanda ƴan proje sunka bari, watarana sai maganar birki ta tsai da shi, kuma shawarar da zai fara ji a gareji guda ce, Alhaji a cire tambur a sa diski ka huta. Tambur shi ne birki mai kamar kwano a rufe da ake tokarewa daga ciki, diski kuwa faifan ƙarhe ne da ake matsewa ta gehe biyu. Ni dai ban yarda nan ne kuɗi ya kamata su fara tahiya ba. Hanya uku ce gaban mutum, ko ya maida birkin yadda kamfani ya yo shi, ko ya bar tambur ɗin ya sake tiyo da masta, wato famfon da ke tura man birki in an taka feda, ko ya maida gaban diski, kuma kowace da wanda ta dace da shi, ba wai guda ce ta masu kuɗi guda ta talaka ba.

Amma kahin komi ka san mi ke ƙarƙashin motarka, don wasu suna neman abin da suke da shi tuni. Peugeot 404 ta hito 1960 da tambur ƙafa huɗu, sai wajen ƙarshen shekarun 1960 anka fara sa ma ta diski a gaba. 504 kuwa da ta hito 1968, salun ɗin ta farko diski ce gaba da baya, amma familiyal da bashe, masu doguwar gada guda a baya, diski ne gaba tambur baya. Marsandi W123, wato 200 da 240D ɗin nan da anka yi daga 1976 zuwa 1986, diski ce ƙafa huɗu tun daga kamfani, mai ita babu ruwanshi da wata canzawa, gyara kawai zai yi. Waɗanda maganar ta shafa da gaske su ne masu tsohuwar 404, da Land Rover Series III ta 1971 zuwa 1985 wadda tambur ce ko'ina, da Land Cruiser 40 da yawancin waɗanda sunka zo ƙasashenmu tambur ne gaba da baya.

To hanya ta farko, gyara. Mutane da yawa da ke zagin tambur ba su taɓa tuƙa mota mai tambur lahiyayye ba, wanda sunka sani shi ne wanda ya shekara talatin ana yi mai kwaskwarima. Ka tsaya kan bakanike ranar da zai buɗe ƙafar gaba ka gani da idonka. Sai an yi ta bugun tambur ɗin da guduma kahin ya hito don ya ci ya yi baki a gehe, yana hita baƙar ƙura ta zubo, a ciki ka ga ferodo, wato abin da ke gogar tambur ya tsai da taya, ya yi sumul shina ƙyalli don ya ƙone, ka ɗaga robar bakin ƙaramin silinda da sukudireba mai ya tsiyayo, wani lokacin ma fistin guda ya kahe gaba ɗaya da tsatsa, ma'ana rabin birkin ƙafar ne kawai ke aiki, sifirin guda ya tsinke an ɗaure da waya, abin saiti ya daskare ba ya juyawa. Wanga ba laihin tambur ba ne. Gyara na gaskiya shi ne a sake silindojin ƙafafu duka, ba a sa sabuwar roba cikin silinda mai ramuka ba don sati kaɗan zai sake yoyo, a sake ferodo na ƙafa biyu tare hagu da dama, a sa sifirin sabbi, a wanke abin saiti, a auna faɗin tambur ɗin. A jikin yawancin tambur akwai lamba da anka rubuta, iyakar faɗin da zai iya kaiwa, in ya wuce nan ko an kai shi wajen mai injin sassaƙa ya gyara huskar, ƙarhen ya yi siriri, zahi kaɗan zai buɗe. Irin wannan sai dai a nemo wani.

Wani abu a gehe, don Allah a hana yara hure ƙurar tambur da kwamfaresa. Tsohon ferodo da asbestos ake yin shi, kuma ƙurarshi tana lalata huhu har ta kai ga kansa, shekaru bayan nan take nunawa. A jiƙa da ruwa a goge da tsumma, shi ke nan.

Abin da tambur ya hi diski da shi, kuma ba a cika faɗa ba, shi ne shina taimakon kanshi. In ferodo ya taɓa tambur mai juyawa, juyawar ce ke ƙara jan shi tana manna shi, shi ya sa tsofaffin motoci da yawa ba su da sarbo, abin nan da ke ƙara ma ƙafa ƙarhi bisa feda, amma suna tsayawa da ƙarhin ƙafa kawai. Kuma a rufe yake, rairayi da tsakuwar laterit ba su cika shiga ba, ferodo shina daɗewa ƙwarai, birkin hannu kuma shina kamawa da kyau. Sannan in ya lalace maka a Dakoro ko Mayahi ko wani ƙauye bayan Tasawa, duk bakaniken da ka samu ya san shi, ko ferodon bai samu ba akwai masu buga sabo kan tsohon ƙarhe da ribit. Nan dai sai ka lura, wanda anka liƙa da gam ɗin kasuwa kawai ba ribit kar ka yarda da shi, zahi shina ɓamɓare shi, in ya ɓamɓare a ciki kuwa taya ce za ta kulle maka kana cikin gudu.

Inda tambur ke kasawa kuma gaskiya ne, ba sharri ba ne. Birki ba komi yake yi ba sai maida gudu zahi, kuma zahin ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba, in ka ninka gudu biyu zahin ninki huɗu yake yi, tsayawa daga 120 daidai take da tsayawa huɗu daga 60 a lokaci guda. Tambur in ya yi zahi faɗi yake yi, ya nisanta daga ferodo, feda ta yi ta sauka ƙasa, kuma da yake a rufe yake ba ya hucewa da wuri. Takawar farko lahiya lau, ta biyu ba laihi, ta huɗu a jere da kaya bisa mota sai ka ji kana takawa motar tana tahiyarta. Cikin Maradi da kewaye ƙasa shimfiɗaɗɗa ce, ba mu da gangara mai tsawo, don haka mai yawo cikin gari ko zuwa Tibiri da Madarunfa zai yi wuya ya kai tambur ga wannan hali. Amma mai bin babbar hanya zuwa Yamai, sama da kilomita 600, kowane gari da tuddan rage gudu, ga jakkai ga amalanke ga awaki, ko mai shiga duwatsun Adar wajen Buza da Keita da lodi, shi kam zai gamu da shi. Na biyu ruwa. Da damina in ka ratsa korama, ruwa da laka su shiga tambur, sai ka hito ka taka ka ji babu komi, dole ka yi ta tahiya a hankali ƙafa bisa feda har ya bushe, kuma sau da yawa ƙafa guda ke riga bushewa motar ta fizge ka gehe. Na uku saiti, tsohon tambur ba ya saita kanshi, lokaci lokaci sai an ɗaga mota an matso da ferodo, wanda ba ya da haƙurin wannan zai sha wahala da shi.

Hanya ta biyu ita ce nike ganin an hi yin sakaci da ita, kuma ita ce ta hi kusa da ceton rai. Buɗe bonet ka dubi masta. Tsofaffin motoci da yawa layi guda gare su, fistin guda ke tura mai zuwa ƙafa huɗu, ma'ana in tiyo guda ya fashe ko robar silinda guda ta yage a baya can, man duka ya zube, feda ta tahi har ƙasa, ba gaba ba baya, sai birkin hannu da giya da salati. Masta mai layi biyu kuwa ta raba aikin, in layi guda ya mutu ɗayan shina nan, feda za ta sauka sosai amma motar za ta tsaya. Ba don ado Amurka ta maida shi doka ga sababbin motoci tun 1968 ba. Ka ga ko ka sa diski mai tsada a gaba, in masta ɗinka mai layi guda ce, haɗarin nan shina nan daram inda yake. Kuɗin wanga aiki bai kai na diski ba ko kusa, masta ce da ƴan tiyo da aikin raba layi, kuma daga waje ba wanda zai ce an taɓa motar. Sharaɗin kawai faɗin cikin sabuwar masta ya zo kusa da na tsohuwar. In ta hi faɗi feda za ta yi tauri ka yi ta dannawa motar ba ta kamawa, in ta hi ƙanƙanta feda za ta yi laushi ta yi nisa, don haka ba kowace masta da ta shiga ramin noti ce ta dace ba.

A nan ne kuma ake ƙara sarbo, wancan baƙin tulun da ke bayan masta. Sai dai a gane, sarbo ba ya rage tazarar tsayawa, ƙafarka kawai yake sauƙaƙa ma aiki. Ga dattijo mai ciwon gwiwa ko uwargida da za ta riƙa tuƙa motar ya cancanta. In motar mai esansi ce daga injin yake jan iska ba matsala, in mai gazuwal ce sai da famfon iska na musamman, wasu a bayan altaneta yake, in babu shi tulun ado ne kawai. Su kuma tiyo, na robar da ke zuwa ƙafafu a sake su duka ko da waje shina da kyau, don tsohon tiyo ta ciki yake kumbura, ya bar mai ya tahi ya hana shi dawowa, sai ka ga ƙafa guda tana zahi tana wari ana ta zargin silinda. Na ƙarhe kuma in sun yi tsatsa a sa na birki na ainihi, ƙarhe ko wanda anka haɗa tagulla da nikel. Bututun tagulla zalla na masu gyaran firji da kilima bai dace ba, girgiza tana sa shi ya yi tauri ya tsage, ballantana a hanyar laterit mai kwarkwada.

Sai ta uku, maida gaba diski. Amfaninta a hili yake, diski a buɗe yake iska na dukanshi, in ya yi zahi ma kumburowa yake wajen palaket, wato ferodon da ke matse shi, ba guduwa ba, ruwa in ya taɓa shi juyi kaɗan ya watsar, ba ya neman saiti, kuma canza palaket aikin ƴan mintoci ne. Tunda in an taka birki nauyi gaba yake komawa, ƙafafun gaba ke ɗaukar wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na aikin, to gyara gaban kawai ya kawo mafi yawan ribar. Turawa ma a tsere sunka fara gane haka, Jaguar ta ci Le Mans 1953 da diski, Citroën DS ta hito da shi a gaba 1955. Amma ka lura da abu guda, in tambur ɗinka lahiyayye shina iya kulle taya a takawar farko, to diski ba zai tsai da kai kusa da haka ba a wannan takawa, taya ce ke riƙe ƙasa. Abin da kake saye shi ne takawa ta biyar ta zo daidai da ta farko.

Matsalar ita ce mutane suna lissahin diski biyu da kalifa biyu, wato abin da ke riƙe palaket ya matse diski, su ce ai ba tsada, alhali aikin ya wuce nan. Kalifa tana shan mai hiye da ƙaramin silinda, don haka sau da yawa masta sai an sake. Diski ba ya taimakon kanshi irin tambur, ba sarbo feda za ta yi maka nauyi. Tsohuwar masta ta tambur kuma akwai wani ɗan bawul a bakinta da ke riƙe matsi kaɗan cikin layi, ga tambur amfani ne, ga diski kuwa shi zai sa palaket ya riƙa gogar diski kullum, mota ta yi nauyi, ta sha mai, ƙafa ta yi zahi. Ga janti, wani lokaci tsohon janti ba ya rufe kalifa sai an sake, in ramukan noti sun bambanta kuma ka koma yawo da taya sukur iri biyu. Ga daidaita gaba da baya, don in baya ya riga gaba kullewa motar juyawa za ta yi da kai, kuma wannan ya hi rashin birki mai ƙarhi muni.

Shi ya sa in za a yi, a yi da kayan ƴan gida ɗaya. Tsohuwar 404 a nemo ƙafar gaba ta 404 ta baya-bayan nan mai diski a ɗauko ta ɗungurungum har da masta da sarbo. Land Cruiser 40 an daɗe ana sa ma ta kan gada na Land Cruiser 60 ko na tsohuwar Hilux mai gada a gaba, da noti ake ɗaurewa, kuma palaket ɗinsu ba ya wuyar samu. Land Rover Series ce mai wahala, kayan canjinta sai an yi oda daga waje kuma da tsada, ni a ganina mai ita ya gyara tambur ɗinshi da kyau ya sa layi biyu ya haƙura. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a je kas, wurin sayar da kayan matattun motoci, a ɗauko kalifar wata ƙaramar mota ta Japan, a yanko ƙarhe a yi ma ta mazauni da walda a bakin titi. Wurin nan shi ke ɗaukar dukan ƙarhin tsayawar mota, walda in ta tsage ba ta sallama, kuma ko ba ta tsage ba in kalifar ta karkace kaɗan palaket zai ci gehe guda. Gyaran gangar auzinawa kenan. Kuma kalifar okaziyo ko daga ina ta zo a buɗe ta a ga fistin, in ya yi ramukan tsatsa a sake shi da robobinshi kahin a ɗaura.

Maida baya diski kuwa ɓarnar kuɗi ce, ba sai na ja ba. Baya aikinshi kaɗan ne, kuma za ka rasa birkin hannu mai kyau, masu 504 salun sun san yadda kalifar baya ke kahewa in ta sha ƙura, Marsandi ma da ta sa diski a baya sai da ta ɓoye ɗan ƙaramin tambur a cikinshi don birkin hannu. Abin da ya kamata masu 504 su duba a baya shi ne bawul ɗin nan da ke haɗe da ƙasan mota, wanda ke rage ma baya matsi in ba kaya ya ƙara in an yi lodi. Da yawa in ya yi yoyo sai a cire shi a haɗa tiyo kai tsaye, daga nan bashe ba kaya in ka taka da ƙarhi bisa rairayi baya ya wulla.

Ko wace hanya ka bi, man birki shi ne zai iya ɓata aikin duka. Irin wanda ake ce ma DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuwa 230, amma dukansu suna shan ruwa daga iska, in sun tsufa sai ya sauko wajen 140 da 155, kuma in mai ya tafasa cikin silinda tururi ne, feda ta tahi ƙasa ko da komi sabo ne. Ka haɗa da zahin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 tun motar tana tsaye. Duk shekara biyu a zubar a sa sabo, DOT 4 ya isa, kuma a sayi gwangwani a rufe ba na ɗurawa a kwalba ba. DOT 5 na silikon ne ba a haɗa shi da sauran, DOT 5.1 kuma duk da sunan ɗan gidan 3 da 4 ne. Koren man LHM na Citroën ne, shi da man injin da man giya in sun shiga layin da ba nasu ba robobi duka kumbura suke yi. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa in mai ya ƙare a daji, in ya kawo ka gari to ranar a wanke layin gaba ɗaya, in an bar shi tsatsa zai cinye silinda daga ciki.

Wajen kaya masu Peugeot sun hi kowa sa'a, tunda an haɗa ta a Kaduna tun 1975, 504 ma har cikin shekarun 2000, kayanta suna nan Katsina da Kano, ta Dan Isa da Jibiya sai su iso, duk da dai rufe boda na 2023 ya nuna muna abin da ke kusa ma zai iya yin nisa. Jabu ne matsalar, kwali mai kyau roba ta banza, don haka silinda da masta gara ka biya na kirki sau guda. In ka yi canji kuma ka rubuta a takarda ka aje cikin mota, kalifa ta wace mota ce, palaket na wace ce, masta ta wace ce, in ba haka ba shekara biyu gaba kai da mai shago za ku yi ta gwada palaket ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin kayan da anka cire ma kar a sayar ma ƴan gwangwan, masu neman irin motocin nan sun hi son wadda za a iya maida ta yadda take.

To wa zai ɗauki wace? Motar da ke hita ranar Juma'a da sallah da biki, ko yawo cikin gari, gyaran tambur cikakke da masta mai layi biyu sun ishe ta, ragowar kuɗin a sa taya sabbi, don taya ƴar shekara goma da ta bushe ta tsattsage ba birkin da zai tsai da ita. Motar da har yanzu ke neman abinci, tana ɗaukar buhunan gujiya da wake ranar kasuwa ko tana bin hanyar Damagaram da Konni, ita ta cancanci diski a gaba, da kayan ƴan gidansu, bayan an gama layi biyu ba kahin nan ba. Wanda kuɗinshi bai kai duka ba ya fara da tiyo da silinda da mai, sai masta, diski ya jira.

In an gama aiki kar ka bari a miƙo maka makulli kawai. Tsaya a hidda iska kana nan, a fara da ƙafar da ta hi nisa da masta, yaro a ciki shina takawa maigidan gareji a ƙasa da sifana shina cewa taka, riƙe, saki, har man ya hito garau ba kumfa, kuma wani ya riƙa duba kofin masta kar ya ƙare a sake shan iska. Sannan ka danna feda da ƙarhi ka riƙe kamar rabin minti, in tana sulalewa ƙasa a hankali akwai yoyo ko masta ba ta da kyau. Ka hita bayan gari inda ba mutane, ka taka a 40 ka sassauta hannu bisa sitiyari ka ga ko tana ja gehe, ka sauka ka dubi sawun tayoyin a ƙasa, ka kai hannu kusa da kowane janti ka ji ko wani ya hi sauran zahi. Sabon ferodo da palaket ba su kamawa sosai sai sun zauna, kwanakin farko a bi su a hankali ba lodi, bayan nan a koma gareji a sake saita tambur ɗin.